Lissafin sojan gona: malam-buɗe-littafin tumfafiya da mai kwaikwayonsa

A ƙasar Gobir, daga kufan Alkalawa zuwa gonakin Sabon Birni da Isa, tumfafiya ba ta ɓuya. A kan ganyenta ne wani malam-buɗe-littafi mai launin ruwan goro, wanda masana ke kira Danaus chrysippus, yake zuba ƙwai. Tsutsarsa tana cin ganyen, tana tara gubar da ke cikin farin ruwan tsiron, har ta fito da fukafukai ɗauke da ita. Tsuntsun da ya ɗanɗana shi yakan guji launin daga baya.

Akwai mai cin moriyar wannan tsoro. Macen wani jinsi, Hypolimnas misippus, ba ta da wannan kariya, amma ta ɗauki kamannin mai gubar. Namijinta baƙi ne mai fararen tabo, ko kusa bai yi kama da ita ba. Henry Bates, Baturen Ingila da ya yi bincike a dajin Amazon, shi ya bayyana irin wannan sojan gona a 1862.

Lissafi ya shigo ne ta hannun Fritz Müller, Bajamushe mazaunin Burazil, a 1879. Tambayarsa ita ce: me jinsi biyu masu guba za su samu idan suka yi kama da juna? A ɗauka tsuntsayen wani yanki sai sun kashe 1,200 kafin su gane launin da ba ya ciwuwa, kuma jinsi ɗaya yana da 2,000, ɗayan 10,000. Idan kamanninsu daban ne, kowanne zai rasa 1,200. Idan iri ɗaya ne, za su raba asarar gwargwadon yawansu: ƙaramin ya rasa 200, babban 1,000. Ƙaramin ya tsirar da rabin jama'arsa ke nan, babban kuwa kashi 2 cikin ɗari. Yawansu ya bambanta sau 5, ribarsu sau 25.

Mai kwaikwayo marar guba kuwa, lissafinsa akasin haka ne. Duk sanda ya yawaita, tsuntsu yakan riƙa cin karo da mai daɗin ci, sai launin ya daina tsorata shi.

Sai dai Afirka ta Yamma ba ta bi lissafin sau da ƙafa ba. A nan kusan duk mai gubar fukafukansa na baya farare ne, don haka ana sa ran matan mai kwaikwayon su ma su zama haka. Amma binciken da Malcolm Edmunds ya wallafa a 1969 kan Gana ya nuna kamanninsu iri-iri ne, da yawa ba su dace da wanda suke kwaikwaya ba. Warware wannan yana buƙatar ƙirge a daji, damina bayan damina, aikin da ke da wuya a Isa da Sabon Birni, inda 'yan bindiga ke hana manoma da yawa isa gonakinsu.