Hanyoyi uku na tsara atisayen ƙwallon ƙafa da abin da ya bambanta su

A Kujama, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Chikun a Jihar Kaduna, kamar a Kafanchan da sauran garuruwan kudancin jihar, galibin ƙungiyoyin matasa kan yi atisaye ne da yamma a filayen makarantu, da ƙwallaye ƙalilan, kafin duhu ya shiga. Saboda haka yadda koci ya raba wannan ɗan lokaci shi ke nuna ko yaro zai ƙaru ko zai yini a layi yana jiran ƙwallo.

Hanya ta farko ita ce ta daki-daki. Ana farawa da ɗumama jiki, sai a koyar da fasaha guda, kamar yanka ko ba-ni-in-ba-ka, ba tare da abokin hamayya ba, sannan a rufe da wasa. Tsarin Coerver, wanda ya samo suna daga kocin Holland Wiel Coerver, ya yi fice wajen irin wannan maimaici. Yana gyara ƙafar ɗan koyo, amma yana buƙatar ƙwallo kusan ga kowane yaro.

Hanya ta biyu takan fara da wasa, ta koma gyara, ta sake komawa wasa. Ana raba yara huɗu-huɗu ko biyar-biyar a ƙananan filaye, koci ya lura da inda suke kuskure, ya gyara, sannan a ci gaba. Ƙwallo huɗu sun ishi yara 32, kuma kowa na koyon yanke shawara alhali ana matsa masa. Rauninta shi ne yaron da bai ƙware ba na iya ɓuya cikin jama'a idan koci bai sa ido ba.

Hanya ta uku ita ce tsara mako bisa dabarun wasa, wadda Vítor Frade na Jami'ar Porto a Portugal ya assasa, José Mourinho kuma ya yaɗa. A nan ba a ware gudu daban da ƙwallo daban. Kowace rana na da nauyinta, ana ƙara shi a tsakiyar mako, a rage gab da ranar wasa. Ta fi dacewa da ƙungiyar manya mai atisaye kullum da jadawalin gasa tsayayye.

Duk hanyar da aka bi, ɗumama jiki na da muhimmanci. Shirin FIFA 11+, wanda aka fito da shi a 2006, na ɗaukar kimanin minti 20. Wani bincike da aka gudanar kan matasan 'yan wasa a Legas, aka wallafa a 2014, ya nuna ya rage raunuka da kashi 41 cikin 100.

Ga kocin unguwa mai yara da yawa da kayan aiki kaɗan, hanya ta biyu ta fi amfani, muddin ya ware minti goma zuwa sha biyar na maimaita fasaha ga masu rauni. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne: ya ƙirga sau nawa kowane yaro ya taɓa ƙwallo kafin magariba.