Tarihin Wani Ɗan Fili a Garin Williamsport

Da editan wannan mujalla tamu ya nemi in rubuto wani abu na tarihi, na san da yawa za su zaci labarin sarakuna ko na yaƙe-yaƙe zan kawo, tun da an san ni da nacin darasin tarihi tun muna aji uku. To amma a wannan karo labarin wani wasan yara zan ba ku, wasan da ba ma yin sa a nan, domin akwai abin da ya shafe mu a cikinsa.

A watan Agusta na 2012, ina bautar ƙasa, na ga wasu yara a talabijin sanye da riguna iri ɗaya da huluna hana-salla. Aka ce daga garin Lugazi na ƙasar Yuganda suke, kuma su ne ƙungiyar Afirka ta farko da ta buga gasar duniya ta wasan besbol na yara a Amurka. Abin ya tsaya mini a rai, har na shiga bin diddigin asalin gasar.

Ga wanda bai san wasan ba, kowane ɓangare mutum 9 ne. Wani ya jefo ƙwallo mai tauri kamar girman lemo, wani ya make ta da kulki ya ruga, ya zagaya tashoshi huɗu. In ya komo inda ya taso ba a fitar da shi ba, an ci ɗaya ke nan.

Asalin gasar kuwa wani gari ne a jihar Pennsylvania da ake kira Williamsport, wanda mutanensa ba su taɓa kai 50,000 ba. A ƙarni na 19 garin ya yi arziki da sana'ar katako, amma da daji ya ƙare arzikin ya bi shi, sa'an nan matsin tattalin arzikin da ya faɗa wa Amurka daga 1929 ya zo ya ƙara dagula al'amura. A cikin wannan hali, a shekarar 1938, wani akawu mai suna Carl Stotz yana wasan jifan ƙwallo da 'ya'yan 'yar'uwarsa biyu a tsakar gida, sai ya yi tuntuɓe da wani ɗan iccen fure ya ji ciwo a ƙafa. Yana zaune yana jinya ya tuna yadda manya suka riƙa korar sa daga fili lokacin da yake ƙarami. Nan take ya yi wa yaran alkawarin zai kafa musu ƙungiya ta sosai, mai riguna da sabuwar ƙwallo da kulki daidai hannunsu.

Shi ba mai kuɗi ba ne, ba kuma mai mulki ba. Abin da ya fara yi shi ne ya tara yaran unguwa da yamma, ya ninke tsofaffin jaridu ya ajiye a matsayin tashoshi, yana matsar da su yana duba gudun yaran, har ya tsaya a kan ƙafa 60 tsakanin tasha da tasha, maimakon ƙafa 90 na manya. Daga nan ya bi 'yan kasuwar gari yana neman dala 30 don ɗinka wa kowace ƙungiya riguna. Fiye da wurare 50 suka sallame shi hannu wofi kafin wani kamfanin madara ya amsa, daga baya na katako da na wani abin taunawa suka biyo. Wasu 'yan'uwa biyu, George da Bert Bebble, suka karɓi horar da ƙungiyoyi biyu, shi ya riƙe ɗaya, kuma su da matansu ne suka zama shugabannin farko. Ran 6 ga Yuni, 1939, aka buga wasan farko, inda yaran kamfanin katako suka ci na madara 23 da 8. Sunan da ya sa wa abin shi ne Little League, watau ƙaramar ƙungiya.

Me garin ya samu? Yaron da dā yake gararamba bayan an tashi makaranta ya sami wurin zuwa, da babban da zai tambaye shi in bai zo ba. Ya koyi jiran layinsa, da yarda da hukuncin alƙalin wasa ko bai yi masa daɗi ba, da miƙa hannu ga wanda ya kayar da shi. Iyaye kuma, waɗanda ba abin da ke haɗa su sai gaisuwar hanya, suka wayi gari suna share fili tare. Ba a biyan kowa ko sisi. Daga baya ma aka kafa doka cewa duk yaron da ke cikin ƙungiya sai an sa shi a wasa, gwani ne ko ba gwani ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya bazu. A 1947 aka yi gasar farko ta zakaru a Williamsport, a 1957 kuma yaran Monterrey na ƙasar Meziko suka zama baƙi na farko da suka ɗauki kofin. Yau ana yin wasan a ƙasashe sama da 80.

Sai dai tarihin ba duka ne mai daɗin ji ba. A 1955, a jihar South Carolina, ƙungiyoyin farar fata suka ƙi karawa da wata ƙungiyar yara baƙaƙe ta birnin Charleston. An gayyaci yaran zuwa Williamsport, amma a matsayin 'yan kallo, saboda doka ba ta yarda a kai gasar ba tare da an buga an ci ba. 'Yan mata kuwa sai a 1974 aka buɗe musu ƙofa, bayan shari'a a kan wata yarinya, Maria Pepe, da aka cire daga ƙungiyarsu a jihar New Jersey. A 1992 aka ƙwace kofi daga wata ƙungiyar ƙasar Filifin saboda ta sa yaran da ba su cancanta ba, ciwon da mu ma muka sani a ƙwallon ƙafar matasanmu.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ƙarshen Stotz kansa. Da manyan kamfanoni da kuɗinsu suka shigo, ya ga an mai da hankali kan gasar duniya an bar yaron unguwa. Rigima ta kai su kotu, a 1956 ya rabu da ƙungiyar da ya kafa da hannunsa. Ya koma wajen ɗan filinsa na asali yana hidimar yaran gari, har ya rasu a 1992.

'Yan'uwa, da na karanta wannan sai na tuna malamin wasanninmu, wanda yakan tsaya da usur a bakinsa har magariba, ba don an ƙara masa albashi ba. A wancan fili ɗan attajiri da ɗan talaka suka sa riga iri ɗaya, a can kuma da yawanmu muka ƙulla zumuncin da ya tara mu a wannan ƙungiya. Da na ziyarci makaranta kwanan baya na tarar ciyawa ta cinye rabin filin, sandunan raga sun karye, yara kuma suna zaune a gindin bishiya.

Ba cewa nake mu kawo besbol ba. Ƙwallon ƙafa da guje-guje da langa sun ishe mu. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina roƙon shugabanninmu su sa gyaran filin nan a cikin ajandar taronmu na shekara, mu sayi ƙwallaye da riguna, mu maido da gasar gidaje. Abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne waɗanda ke zaune a gari su ba da yammacin Asabar ɗaya a wata. Ni na sa sunana a farkon takarda.

Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa na raye lafiya, amin.