Malam Maman Barka: malamin da ya koma ɗalibi don kada biram ya ɓace

Rubutun yana da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshe, don ya shafi bikin ranar al'adu da muke shiryawa.

A zaman kwamiti na makon jiya, da aka zo kan maganar kiɗa, ko minti biyu ba a yi ba aka gama: a ɗauko mai sifika, a tura masa waƙoƙi, shi ke nan. Wani ya ce me zai hana a kira makaɗi na gaske, sai aka kwashe da dariya, wai ina za a same shi a Legas? Ni ma da ni aka yi dariyar. Bayan kwana biyu na je Iddo karɓo saƙo daga gida, na zauna wajen wani dattijo mai shayi, mutumin Damagaram, wayarsa na ta sakin kiɗan gurmi. Na ce, "Baba, wane ne wannan?" Ya kalle ni ya ce, "Kai da kake jami'a, ba ka san Malam Maman Barka ba?" Kunyar da na ji ce ta sa na bi tarihin mutumin, ga shi na kawo muku.

An haifi Maman Barka a ƙarshen shekarun 1950 a Tesker, gabashin Jamhuriyar Nijar, cikin Tubawa makiyaya. Malam ɗin da ke gaban sunansa ba na ado ba ne: malamin makaranta ne da ya riƙe alli ya koyar a aji. Yana cikin wannan aiki ya yi suna da gurmi, wanda mutanen Nijar ke ce wa gurumi, mai tsirkiya biyu. Ya yi waƙa da Hausa da Tubanci da Barbarci, shi ya sa kaset ɗinsa ya tsallako iyaka ya shiga kasuwannin Nijeriya. Daga baya ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta El Hadj Taya da ke Yamai, inda ake horar da matasan makaɗa, ake kuma adana kayan kiɗan gargajiya.

Da a nan ya tsaya ma, ya yi abin a yaba. To amma ga inda labarin ya kama ni.

A tsibiran Tafkin Chadi akwai Buduma, masunta da makiyaya, waɗanda ke kiran kansu Yedina. Suna da wani abin kiɗa mai suna biram, mai tsirkiya biyar, jikinsa kamar ƙaramin kwalekwale da aka rufe da fata. A wajensu ba abin wasa ba ne, yana da alaƙa da tsoffin al'adunsu na ruwa. Tafkin da a shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita 25,000 ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, mutane suka watse neman abinci, samari suka daina zama gaban tsofaffi. Aka wayi gari gwanin biram da aka sani ya rage mutum ɗaya, wani dattijo mai suna Bukar Tar.

A 2002 Maman Barka ya sami tallafin UNESCO, ya tattara ya tafi wajen wannan dattijo. Ku duba fa: mutum ya haura shekara arba'in, malami ne, sanannen mawaƙi ne da ake sa waƙarsa a rediyo, amma ya je ya durƙusa gaban tsoho yana koyon yadda ake ɗora yatsa a kan tsirkiya. Ya koyi kiɗan, ya koyi waƙoƙin da harshen Buduma, wanda ba nasa ba ne. Dattijon ya damƙa masa biram, daga baya kuma ya rasu. Da Barka ya ce sai ya sami sarari, da shi ke nan, an binne ilimin tare da mai shi.

Bayan nan ne biram ya fita duniya. A 2008 Barka ya hau dandalin bikin WOMAD a Ingila tare da abokin tafiyarsa, makaɗi Umaru Adamu, mai kalangu da duma da ƙwarya. A 2009 kamfanin World Music Network ya fitar da faifansa mai suna Introducing Mamane Barka. Batubbe ya ɗauko kiɗan Buduma, ya haɗa shi da kalangun Hausa, ya kai wa Turawa. Musayar al'adu ke nan, kuma ta fara ne daga ranar da ya yarda ya zama ɗalibi. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 21 ga Nuwamba, 2018.

Yanzu mu juyo gida. Ba a ce jami'o'inmu ba su yi komai ba. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan Mamman Shata. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa. Ɗan Maraya ma Jami'ar Jos ta karrama shi. Kowace shekara ana rubuta furojet a kan jigo da salo da azancin waɗannan mawaƙa, kuma aiki ne mai kyau. Sai dai abin da muka adana baituka ne a takarda. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. A cikinmu wa ya iya rufe gwangwanin kifi da fatar akuya ya ɗaure masa tsirkiya ɗaya ya zama kuntigi? Wa ya san yadda ake matse kalangu a hammata har ya faɗi sunan mutum? Wannan ilimin a hannu yake zama, daga hannu kuma yake wucewa zuwa wani hannun.

A da gado ke riƙe da shi. Yaro ya tashi a gidan kiɗa, ya fara da ɗaukar kaya, ya shiga amshi, a hankali a miƙa masa ganga. Yau 'ya'yan makaɗa da yawa suna aji ɗaya da mu, wasu ma ɓoye asalinsu suke yi, don mun saba ce wa makaɗi maroƙi. Na san za a sami mai cewa wannan ba aikin ɗan jami'a ba ne. To ai Barka ɗan boko ne, kuma bokon ne ya sa ya gane abin da ake shirin rasawa.

Maganar babu makaɗa a Legas kuwa, ban yarda ba. Garin nan ne ya karɓi FESTAC a 1977, gidan wasan Iganmu yana nan kusa da Iddo. Hausawa sun haura shekara ɗari a Agege. Kalangu kiɗan mahauta ne, ga mayankar Oko-Oba nan. Ga Idi-Araba, ga Mile 12. Abokanmu Yarabawa idan suna nasu bikin, da gangunansu suke zuwa a kafaɗa, ɗalibai ne ma ke kaɗawa. Mu ne dai ba mu tambaya ba.

Shawarata ga kwamiti: a rage wani abu daga kuɗin sifika, mutum biyu ko uku su je fadar Sarkin Hausawan Agege su yi gaisuwa, su nemi a haɗa mu da mai kalangu ko mai gurmi ko mai goge. A biya shi hakkinsa da mutunci. Idan ya gama wasa, a ba shi awa ɗaya a zaure, ya nuna wa duk mai so yadda ake riƙe abin, a ɗauka a bidiyo da izininsa. Ko mutum ɗaya ne ya ci gaba da zuwa wajensa bayan bikin, kuɗinmu bai tafi a banza ba. Ni dai na sa sunana cikin masu zuwa Agege ranar Asabar.

Allah ya jiƙan Malam Maman Barka da Bukar Tar da sauran magabatanmu, ya sa mu gama karatu lafiya. Amin.