Daga Mairuwa zuwa Bama: asalin 'yan mazan jiya a ƙasar Karaduwa

Barikin Dalet a Kaduna, barikin Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Arakan da Myohaung a Legas. Sojojin yau suna ambaton waɗannan sunaye kullum, amma kaɗan ne ke tambayar daga ina suka fito. Dukkansu daga ƙasar Bama aka kwaso su, wadda yanzu ake kira Myanmar, inda sojojin Nijeriya suka gwabza da Japanawa a 1944 da 1945. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi wannan yaƙi manoma ne daga lardunan Arewa, har da lardin Katsina, mutanen ƙauyuka irin waɗanda ke jere a hanyar Funtuwa zuwa Gusau: Mairuwa, Sheme, 'Yankara, da na cikin lungu wajen Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara.

Asalin abin ya girmi yaƙin Hitila. A 1897 aka ɗora wa Lugga kafa rundunar tsaron Afirka ta Yamma, kuma da ita Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Hausa ce harshen bariki, shi ya sa har gobe muke cewa kurtu, kofur, saje, samanja. Sai dai a wancan zamani aikin soja ba abin alfahari ba ne a ƙasar Katsina. Ɗan gidan mutunci noma yake yi, ko fatauci, ko almajiranci. Wanda ya sa kaki ana ganinsa yaron Nasara ne. Duk da haka an kai 'yan Arewa Kamaru a 1914, daga baya aka wuce da su Afirka ta Gabas.

Abin da ya jawo kudancin Katsina, wato ƙasar Karaduwa, cikin harkar sosai shi ne auduga da jirgin ƙasa. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, ga injin gurzar auduga a Funtuwa, ga gonar iri a Daudawa. Da yaƙi ya ɓarke a 1939, hanyar da ake fitar da auduga ita aka bi wajen fitar da mutane, kuma ma'aikatar horar da kurata tana nan kusa, a Zariya. Umarni kan sauko daga Razdan zuwa Sarki, daga Sarki zuwa hakimi, hakimi ya danna wa dagaci, dagaci ya danna wa mai unguwa. Wasu da ƙafarsu suka kai kansu, don albashin da bai wuce kusan sule ɗaya a rana ba, ko don gudun haraji da bashi. Wasu kuwa nuna su aka yi, kuma ba a cika nuna ɗan mai hali ba.

Rukunin farko sun yi yaƙi da Italiya, suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, suka nausa cikin Habasha. Amma Bama ce ta zauna a bakin mutane. Runduna ta 81 ta bi teku ta zagaya Afirka ta Kudu zuwa Bombay a 1943, ta 82 ta biyo baya a 1944. A kwarin Kaladan babu hanyar mota, sai 'yan dako na soja su ɗauki harsashi da abinci a ka, jiragen sama kuma suna jefo guzuri da lema. Bataliyoyi uku na Nijeriya sun shiga cikin dakarun Chindit na Janar Wingate, a bayan layin abokan gaba. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung. Idan aka saurari labarin waɗanda suka dawo, ba su cika daɗewa a kan harbi ba. Ruwan sama suke tunawa, wanda ke yin kwanaki bai ɗauke ba, da matsattsaku a ƙafa, da zazzaɓi, da shinkafa safe da yamma ga mutumin da ya tashi da tuwon dawa. Sarkin Katsina Usman Nagogo, a shekarar da ya gaji mahaifinsa Sarki Dikko, wato 1944, ya je har can ya gano su.

A ganina, nauyin da aka ɗora wa waɗanda suka zauna gida shi ne ɓangaren da aka fi mantawa, alhali ya taɓa gidaje fiye da na fagen fama. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka tilasta wa kusan mutum 100,000 daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza, abin da talakawa suka sa wa suna ɗiban gwamna. Mutum ya bar gonarsa, a kai shi tudun Filato cikin sanyin da bai saba ba, ga ƙarancin abinci, ga matsugunin da ba ya kare iska. Mutane da dama sun mutu a can, wasu sun gudo da ƙafa. Ba a ba kowa lamba a kan wannan ba.

Ga kuma hatsi. Ana yanka wa kowace gunduma adadin dawa da geron da za ta kawo don ciyar da soja da 'yan kuza, a farashin da gwamnati ta tsayar, haka nan gyaɗa da auduga. Damina ta yi gardama a wasu wurare, aka shiga yunwar da tsofaffi ke kira 'yar Gusau a 1942. Gishiri ya yi wuya, kananzir ya ɓace, yadin kanti sai mai hanya, har masaƙan gargajiya suka sake samun kasuwa. Iyakar Maraɗi ma ta toshe, domin Nijar tana hannun gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus har zuwa ƙarshen 1942, fatake suka koma bin dare. Matar soja kuwa tana zaune ba miji ba saki, tana jiran wasiƙar da sai an nemo mai karanta mata. Labarin yaƙi yana zuwa ne ta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 ƙarƙashin Abubakar Imam. Kwafi ɗaya kan zagaya gari, malamin makaranta ko na haraji yana karantawa, jama'a sun kewaye shi.

Yawancinsu a 1946 suka dawo. An yi dokar ba tsofaffin sojoji fifiko wajen ɗaukar aiki, amma guraben ba su kai yawan mutanen ba, kuɗin sallamar baƙar fata kuma bai kama ƙafar na Bature ba. Wasu suka zama 'yan doka da dogarai, wasu masinjoji da masu gadi, waɗanda suka koyi tuƙi suka kama manyan motocin auduga da gyaɗa. Mafi yawa sun koma gona. Abin da ya rage a hannunsu sau da yawa bai wuce littafin sallama da ya yi laushi don naɗewa ba, da tauraruwar Bama: tagulla mai tsini shida, rataye da ƙyalle ja mai ratsin shuɗi da ruwan goro, a ƙasan adaka tare da takardun haraji.

Darajar kaki ta canza bayan haka. Ɗan Sarki Nagogo, Hassan Usman Katsina, ya shiga soja a 1956, ya zama gwamnan Jihar Arewa a 1966. Da yaƙin basasa ya tashi a watan Yuli na 1967, aka kira tsofaffin 'yan Bama su sake ɗaura ɗamara, aka kuma ɗebi samari bila adadin, har rundunar da ba ta wuce kusan 10,000 ba ta kai kusan 250,000 a 1970. Waɗannan su ne mazan jiya na biyu, masu labarin Nsukka, da ƙetaren kogin Kwara a Anaca, da gobarar Abagana. Saboda su aka mayar da ranar tunawa da 'yan mazan jiya daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu.

Isaac Fadoyebo, Bayarabe, ya rubuta abin da ya gani a Kaladan, Biyi Bandele na Kafancan ya gina littafinsa Burma Boy a kan labarin mahaifinsa. Namu sun bar nasu a baki, kuma 'yan Bama kusan duk sun kwanta dama. Na yaƙin basasa suna nan, sun haura saba'in, wasu ma rashin tsaro ya tashe su daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa zuwa Funtuwa, inda takardu ke salwanta a wajen ƙaura. Duk mai tsoho irin wannan a gida, ko tsohuwar da ta ga ɗiban gwamna tana yarinya, ya zauna da su ya kunna rikoda a wayarsa, ya tambayi lambar soja da bataliya da sunan garuruwan da aka bi, ya kuma ɗauki hoton littafin sallamar. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-ma, ga aiki nan a ƙofar gidanku.