BAYANI DALLA-DALLA: Gajiyar ido a gaban kwamfuta, abin da ke jawo ta da hanyoyin rage ta

Gonin Gora unguwa ce da ke bakin babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja, a Ƙaramar Hukumar Chikun. A nan, kamar a sauran unguwannin kudancin birnin Kaduna, matasa da yawa na neman abincinsu ne da idanu kafe a kan allo: masu shagunan buga takardu, masu cike fom ta intanet, masu POS, masu zanen fosta da katin biki, da ɗaliban da ke shirin jarrabawa. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kacokan ta kwamfuta, sannan a 2024 hukumar WAEC ta fara gudanar da tata ta kwamfuta ga masu zanawa daga waje. Ke nan zama a gaban allo ya zama dole ga duk mai neman ilimi ko sana'a.

Abin da ke biyo bayan wannan dogon zama shi ne matsalar da likitoci ke kira gajiyar ido ta kwamfuta. Maganin ta mafi inganci ba ya cin ko sisi, domin ya ta'allaƙa ne ga yadda mutum ke zama da yadda yake hutawa. Haɗarin yana cikin kuɗin da ake kashewa a inda bai dace ba, musamman kan magungunan ɗigawa da ake saya ba tare da ganin likita ba.

Alamomin ta

Mai fama da gajiyar ido yakan ji raɗaɗi ko ƙaiƙayi, ko ya ji kamar an zuba masa yashi a ido. Wani idonsa ya yi ja, wani ya riƙa zubar da hawaye. Rubutu yakan koma dishi-dishi, musamman idan aka ɗaga kai daga allo aka dubi nesa. Ciwon kai a goshi da ciwon wuya da kafaɗa sukan biyo baya. Galibi alamomin sun fi tsanani da yamma, kuma sukan lafa bayan an huta ko an yi barci.

Ƙungiyar Likitocin Ido ta Amurka ta bayyana cewa kallon allo ba ya yi wa ido lahani na dindindin. Sai dai gajiyar na rage saurin aiki, tana jawo kurakurai, kuma ga mai POS ko mai shigar da bayanai, kuskuren lamba ɗaya asara ce.

Abin da ke jawo ta

Dalili na farko shi ne ƙarancin ƙiftawa. Mutum yakan ƙifta ido kusan sau 15 a minti ɗaya, amma idan ya duƙufa a kan allo adadin na iya sauka zuwa sau 5 ko 7. Kowace ƙiftawa tana shimfiɗa wani siririn ruwan hawaye a saman ido. Idan ta yi ƙaranci, ruwan ya bushe, sai raɗaɗi ya fara. Hawayen da ke kwarara a lokacin martani ne na idon da ya bushe.

Dalili na biyu shi ne aikin tsoka. A cikin ido akwai wata ƙaramar tsoka da ke ɗaurewa duk lokacin da ake kallon abu na kusa, kuma ba ta sakewa sai an dubi nesa. Awa uku a gaban allo na nufin awa uku tana ɗaure.

Dalili na uku shi ne matsalar gani da ba a gano ba. Mutumin da ke buƙatar tabarau bai sani ba yana tilasta wa idonsa aiki ninki biyu. Daga wajen shekara 40 kuma, ƙarfin ganin kusa yana raguwa ga kowa, shi ya sa ake ganin manya na nesanta waya da fuskarsu kafin su karanta saƙo.

Yanayin Kaduna na ƙara wa matsalar nauyi. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska ta bushe kuma ƙura ta cika gari, hawayen ido sai ya riƙa ƙafewa da wuri. Shagon da ke fuskantar babban titi yana shan ƙura da hayaƙin manyan motoci. A lokacin zafi kuma fanka ce ke kaɗawa kai tsaye a fuska. Idan aka ɗauke wuta, mutane da dama sukan ci gaba da aiki a ɗaki mai duhu, allon kaɗai ke haskawa, wanda hakan ke wahalar da ido.

Matakan da ba sa cin kuɗi

Hutu shi ne kan gaba. Akwai ƙa'idar 20-20-20, wadda wani masanin gwajin ido na jihar Kalifoniya a Amurka, Jeffrey Anshel, ya yaɗa: bayan kowane minti 20, a dubi wani abu mai nisan ƙafa 20, wato kimanin mita 6, na tsawon sakan 20. Ga mai shago a bakin titi, duban tsallaken hanya ya wadatar. Wani ƙaramin bincike da aka yi a Jami'ar Aston da ke Ingila kan mutum 29 ya nuna cewa alamomin gajiya da bushewa sun ragu bayan mako biyu ana bin ƙa'idar. Bayan awa biyu ana aiki ba tsayawa, ya kamata a tashi a huta na minti 15. Ɗaukar waya a lokacin hutun ba hutu ba ne, domin wayar ta fi kwamfutar kusa da ido.

Tazara ita ce ta biyu. Ya kamata allo ya kasance santimita 50 zuwa 70 daga fuska, wato kusan tsawon hannu idan an miƙe shi. Saman allon ya yi daidai da ido ko ya ɗan yi ƙasa, ta yadda za a riƙa kallonsa ido na ɗan sunkuye. Hakan na sa fatar ido ta rufe wani sashe, bushewa ta ragu. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka na iya ɗora ta a kan littattafai idan teburin ya yi ƙasa da yawa, domin ya huta da ciwon wuya.

Haske shi ne na uku. Hasken allo ya yi daidai da na ɗakin: kada ya zama kamar fitila a cikin duhu, kada kuma ya dushe. A ajiye kwamfuta ta yadda taga ko ƙofa za ta kasance a gefe, domin idan tana baya hasken rana zai riƙa ƙyalli a allon, idan tana gaba kuma zai riƙa dukan ido. Idan an ɗauke wuta da dare, a kunna fitilar caji a gefe. A ƙara girman rubutu maimakon a matso da fuska, kuma a riƙa goge ƙurar allon kullum.

Sauran matakan su ne a riƙa ƙiftawa da gangan, a karkatar da fanka daga fuska, a sha ruwa isasshe, kuma a yi barci mai kyau. Idan bushewar ta dame mutum, akwai maganin ɗigawa na jiƙa ido da ake kira hawayen roba, wanda ba ya ɗauke da sinadari mai ƙarfi.

Tabarau mai tare shuɗin haske

A kasuwanni da shafukan sada zumunta ana tallar tabarau da aka ce yana tare shuɗin hasken kwamfuta. A 2023, cibiyar Cochrane, wadda ke tattara sakamakon binciken lafiya tana tantancewa, ta duba gwaje-gwaje 17 kan irin wannan tabarau. Sakamakon ya nuna da alama ba ya rage gajiyar ido fiye da tabarau na yau da kullum. Ƙungiyar Likitocin Ido ta Amurka ma ba ta ba da shawarar sayensa. Kuɗin da za a kashe a kansa ya fi amfani idan aka biya na gwajin ido. Abin da ke da tushe game da hasken allo shi ne yana iya jinkirta barci idan an daɗe ana kallo da dare, don haka ya dace a ajiye waya kafin kwanciya.

Haɗarin maganin kyamis

Da yawa idan ido ya yi ja sukan nufi kyamis su ce a ba su maganin ɗigawa. Wasu daga cikin waɗannan magunguna na ɗauke da sinadarin sitiroyid, irin su dexamethasone da betamethasone. Suna kawar da ja da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake komawa gare su. Amma yawan amfani da su na iya haifar da hawan jinin ido, wato glakoma, da kuma yanar ido. Glakoma tana cin gani a hankali ba tare da ciwo ba, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa.

Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan ɗaya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. Yanar ido ce ta fi jawo makantar, glakoma na biye da ita. Haka kuma ɗiga nono, ruwan sukari, fitsari ko ruwan ganye a ido na iya jawo gyambo a baƙin ido.

Lokacin da ya wajaba a ga likita

Idan alamomin ba su lafa ba bayan an huta kuma an gyara zama, a je a yi gwaji. Amma akwai alamomin da ba sa jira: raguwar gani kwatsam, ciwo mai tsanani a ido, ganin abu biyu-biyu, ganin walƙiya ko wani duhu kamar labule, da jan ido mai haɗe da ƙin haske. Masu ciwon suga, masu hawan jini, da waɗanda ke da mai glakoma a danginsu na buƙatar gwaji a kai a kai ko da ba sa jin komai.

Mazauna Kaduna na da Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1979, a yankin Mando. Daga Gonin Gora ana isa can ta hanyar Nnamdi Azikiwe da ta kewaye gari ta yamma. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA. Wanda zai je shagon tabarau mai zaman kansa yana da haƙƙin tambaya ko mai gwajin yana da rajista da ODORBN, hukumar da ke kula da masu gwajin ido da masu haɗa tabarau a Najeriya.

Haƙƙin ma'aikaci

Batun bai tsaya kan ɗaiɗaikun mutane ba. Tarayyar Turai ta fitar da ƙa'ida kan aiki da allon kwamfuta tun 1990, kuma dokar Birtaniya ta 1992 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya tsara wa ma'aikacin da ke yini a gaban allo lokutan hutu, ya kuma biya masa kuɗin gwajin ido idan ya nema. A Najeriya, Dokar Masana'antu ta 1987 ta yi tanadin isasshen haske a wurin aiki, amma an tsara ta ne domin masana'antu. Matashin da ke buga takardu daga safe zuwa dare a ƙaramin shago ya dogara ne ga fahimtar maigidansa.

Wannan giɓi ne da ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan majalisa za su iya dubawa. Kafin nan, mai shago ko shugaban ofis na iya juya teburi daga ƙyallin rana, ya samar da fitilar caji, ya kuma amince ma'aikaci ya tashi na 'yan mintoci bayan kowace awa biyu. Cibiyoyin da ke horar da ɗalibai jarrabawar kwamfuta su ma za su iya sanya hutun ido a cikin jadawalinsu.