Injin Jirgin Ruwa a Hannun Bakaniken Tudu

Babu tashar jiragen ruwa a unguwar Television. Kogin Kaduna yana can arewa, sai an wuce Barnawa, kuma a daidai cikin gari duwatsu da yashi sun cika shi. Masunta da masu haƙar yashi da gora suke tura kwalekwalensu. Ko a zamanin Gwamna Lugga, jiragen Turawa iyakarsu wajejen Wushishi, ƙasa da Zungeru. Da aka dawo da hedkwatar Arewa Kaduna a 1917, dogo ne ya raya garin.

Duk da haka, a ajiye wa tsohon bakaniken janareta na kusa da garejin Television injin jirgi mai tari da shaƙewa, ba zai yi kame-kame ba. Ya san cikinsa tun kafin ya kwance murfin, domin shekara da shekaru yana gyaran 'yan'uwansa.

Sana'ar ƙarfe ta kafu a kudancin kogin ne ta dalilin masana'antun Kakuri. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, kamfanin ƙera makamai na DICON ya biyo baya a 1964, sannan Peugeot ya buɗe wurin harhaɗa motoci a 1975. Ma'aikata daga kudancin Kaduna, Binuwai, Filato da ƙasar Ibo suka bazu neman haya a Television, Unguwar Sunday, Romi da Sabon Tasha. Mai albashi kuwa abin da ya fara saye bayan rediyo shi ne babur, kuma da yawa daga baburan Yamaha da Suzuki na wancan lokaci inji mai bugu biyu ne: fistin ya hau ya sauka sau ɗaya, wuta ta kama, baƙin mai kuma yana ƙonewa tare da fetur. Daga nan shuɗin hayaƙin nan yake fitowa.

Da masaƙu suka durƙushe (KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007), dubban magidanta suka koma acaɓa a kan Jincheng, wanda shi ma mai bugu biyu ne. Rashin wutar NEPA ya ƙara wa bakanike kasuwa ta uku, wato ƙaramin janareta na Tiger da ke gaban kowane shagon aski da na cajin waya. Ko da gwamnatin Ramalan Yero ta hana acaɓa a cikin garin Kaduna a 2014, hukumar kwastan kuma ta sanar da hana shigo da irin wannan janareta a 2015, aikin bai mutu ba. Tsoffin injuna suka ci gaba da yawo daga hannu zuwa hannu, abin da ya gagara samuwa sabo a nemo shi a kasuwar Panteka.

Shi kuwa injin jirgi tasa hanyar daban ce. Ole Evinrude, haifaffen Norwe mazaunin Milwaukee ta Amurka, shi ya mai da shi kayan kasuwa wajen 1909. Yamaha bai shigo harkar ba sai 1960, amma shi ya fahimci cewa masunci a Afirka da Asiya ba shaƙatawa yake fita yi ba. Ya fito da samfurin Enduro, mai sauƙin kwancewa, mai jure ruwan laka, har da wanda ke aiki da kananzir. Bayan an kammala madatsar Kainji a 1968, kogi ya zama tafki mai faɗin da filafili ba zai iya da shi ba, sai inji ya samu gindin zama a Yawuri da Warra. Haka aka yi a Doron Baga a tafkin Chadi, haka kuma a Shiroro, a kan shi wannan kogin na Kaduna, bayan an buɗe madatsar a 1990.

Tsarin bincike ɗaya ne a tudu da ruwa, kuma oga nagari yakan dasa shi a kan yaronsa tun kafin ya bar shi ya riƙe sifana. Daga filogi ake farawa. In an same shi baƙi ƙirin yana maiƙo, mai ya yi yawa ko haɗin ya yi kauri. In fari ne fat kamar an toya shi, fetur ba ya isa, kuma wannan ya fi haɗari, don yana iya huda fistin. Sai a jingina filogin da jikin inji a ja igiya. Tartsatsi mai shuɗi, lafiya lau; ja mai rauni, a duba kwayil da wayoyi.

Wuta in ta tabbata, sai a bi mai tun daga tanki. A nan injin jirgi yake da 'yan dabarunsa. Tankinsa a cikin jirgi yake, an haɗa shi da tiyo mai ƙullin roba a tsakiya wanda ake matsawa har ya yi tauri. Tiyon da ya tsage yana zuƙar iska. Murfin tankin yana da ɗan sukurun shan iska, wanda in aka manta ba a sassauta ba, inji zai tashi garau, ya yi 'yan mintoci, ya mutu a tsakiyar ruwa. An sha kwance kafireta a banza saboda wannan sukurun. Ita kafireta, ƙofofinta ba su fi kan allura ba. Fetur da ya kwana watanni yakan zama danƙo ya toshe su, ruwa kuma, da yake ya fi fetur nauyi, ƙasan kwanonta yake kwanciya. Wanda ya sayi man bumburutu a jarka ya san wannan ciwo. Haɗin da aka saba shi ne kashi ɗaya na baƙin mai cikin hamsin na fetur, tsoffin injuna na da kuwa ɗaya cikin 24 ko 25, amma a bakin ruwa sau da yawa ido ne mudu.

Ƙarshe sai matsi. Igiya in ta zo sakwaf babu turjiya, ringi ya cinye, sai buɗe inji.

Abu guda ne bakaniken tudu zai koya sabo. Babur da janareta iska ke sanyaya su, injin jirgi kuwa ruwan kogi yake zuƙa da wata 'yar fanka ta roba da ke cikin ƙafarsa, ya tsartuwar da shi ta baya. Yashi yana cinye robar, kuma tayar da inji a busasshe na ɗan lokaci kaɗan ya isa ya ƙone ta, shi ya sa ake gwada shi a cikin duro cike da ruwa. Tsartuwa in ta tsaya, direba ya kashe nan take. Haka nan in inji na ihu jirgi ba ya tafiya, ba kafireta ba ce: farfela ta daki dutse, ƙusar da ke riƙe da ita ta karye, ko robar cibiyarta ta sulɓe.

Yanzu dai filin yana tsukewa. Bajaj Boxer mai bugu huɗu ya kori Jincheng daga titi, tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma masu shaguna da dama suka jingine janareta suka kafa sola. Inda mai bugu biyu ya rage da ƙarfinsa shi ne kan ruwa, domin ga rashin nauyi, ga kayan gyara a kasuwa, ga shi mutum ɗaya zai kwance shi a bakin gaɓa da sifana uku da sukundireba. Ranar kasuwar Zumba, jiragen da ke tsallako tafkin Shiroro da doya da fasinja har gobe da shi suke tafiya.