Robar fitsari a ɗakin haihuwa

Bara cikin yayata ya zarce lokacinsa, naƙuda shiru. A matarniti sajfam ta ɗauko robar fitsari ta zura mata ta bakin mahaifa, ta cika ɗan balan-balan ɗin da ke kan robar da ruwa. Inna ta jawo ni gefe: "Kai da ka yi lakwal, fitsari ne ya hana ta haihuwa?" Ban da amsa ranar. Kunyar nan ce ta sa ni bincike.

Ashe dabarar ta girmi allurar naƙuda nesa ba kusa ba. A 1863 wani likita a Sikotilan, Sloan, ya kawo busasshen karan ciyawar teku, laminariya. In an sa shi a bakin mahaifa sai ya sha danshi ya kumbura, ya buɗa hanya sannu a hankali. A Faransa kuma Tarnier ya yi aiki da balan-balan na roba, Champetier de Ribes ya fito da nasa a 1888. Matsalar zamanin ita ce ƙwayoyin cuta: kayan sukan shiga da ƙazanta, kuma babu maganin kashe su, sai mai jego ta kwanta da zazzaɓi.

Da aka haɗa oksitosin a 1953, sannan Sultan Karim ya tayar da naƙuda da furostagilandin a Kampala a 1968, sai aka soma kallon balan-balan kamar kayan tsofaffi. Ni a ganina an yi gaggawa. Magani yakan matse mahaifa fiye da kima har jariri ya galabaita. Balan-balan shi dannawa kawai yake yi, jiki ya saki nasa sinadarin, bakin mahaifa ya yi laushi.

Abin dariyar, Frederic Foley, Ba'amurken da robar ke ɗauke da sunansa, likitan mafitsara ne, ba ruwansa da haihuwa. Embrey da Mollison ne suka kai ta ɗakin haihuwa a 1967. A 2011 OMS ta sa ta cikin hanyoyin da ta yarda da su. Ga arha, ga shi ba ta neman firigo, mu kuwa mun san halin wutarmu a watan Afrilu.

Ta yayata da asuba ta zamo da kanta. Aka ƙara mata ruwan naƙuda, kafin la'asar muka ji kuka.